Majalisar matasa: makarantar siyasa ce ko wurin rabon muƙami?

Malamin Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin makarantar sakandare ne a Rigasa, ina koyar da darasin Gwamnati. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina, waɗanda yawancinsu yanzu suna manyan makarantu ko sun kama sana'a, sun nemi in zama uban ƙungiya ga wata majalisar matasa da suke shirin kafawa domin ƙaramar hukumar Igabi. Tsarin da suka kawo mini a rubuce ya tanadi kakaki da mataimakinsa, da shugaban masu rinjaye, da mai tsawatarwa, da akawu, har da mai ɗaukar sandar majalisa. Niyyarsu ita ce su riƙa zama sau ɗaya a wata, su tafka muhawara a kan matsalolin yankinmu, sannan su rubuta matsayar da suka cimma su aika wa hukuma.

Ban ba su amsa ba tukuna, domin zuciyata ta rabu biyu. Na san akwai Majalisar Matasan Najeriya tun shekarar 2008, zamanin marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka tsara ta da kujeru 109 kamar Majalisar Dattawa, wato jihar Kaduna tana da kujeru uku a ciki. Amma da wuya ka tsayar da matashi a Rigasa ko Rigachikun ya faɗa maka ko da cewa majalisar tana nan, balle ya san wanda yake wakiltar shiyyar Kaduna ta Tsakiya a cikinta. To idan ta ƙasa baki ɗaya, mai ma'aikatar gwamnatin tarayya a bayanta, ba ta kai ga matasan unguwa ba, me tamu ƙarama za ta iya?

Tambayata ita ce: shin irin wannan majalisa tana jawo matasa cikin siyasa ta haƙiƙa, ko kuwa wasan kwaikwayo ne da yake cinye lokacin yara, ya bar su da laƙabin Honorabul da hotuna a Facebook? Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga, ko suka san aikin majalisa daga ciki, su ba ni shawara kafin in amsa musu.

Tsohon Ma'aikacin Majalisa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru masu yawa ina aiki a ɓangaren akawu na wata majalisar dokoki kafin in yi ritaya, saboda haka ta wannan fuskar zan yi magana. Shawarata ita ce ka karɓa, amma da sharaɗi, kuma zan zo kan sharaɗin bayan na faɗi dalilina.

A ƙasarmu kowa ya san gwamna, kowa ya san shugaban ƙasa, amma aikin ɗan majalisa ya ɓace wa jama'a har an mayar da shi mai biyan kuɗin magani da kuɗin makaranta da ragon suna. Abin takaici, wannan rashin sani ba a wajen zaure ya tsaya ba, yana shiga har ciki tare da waɗanda aka zaɓa. Na sha ganin sabon ɗan majalisa ya miƙe da zafinsa zai kawo kukan mazaɓarsa, ya juya wa kakaki baya yana yi wa 'yan kallo jawabi, a buga masa guduma a ce ya fuskanci kujera. Ya gama maganarsa a nemi wanda zai mara masa baya a rasa, domin bai tuntuɓi kowa ba kafin ya shigo, shi ke nan ƙudirin ya mutu a nan take. Mutumin yana da gaskiya, mutanensa suna cikin matsala, amma bai san cewa ana gama yawancin aikin majalisa ne kafin a shiga zaure ba. Wani sai ya cinye shekara guda daga cikin huɗunsa kafin ya bambance ƙudirin da zai zama doka da wanda kira ne kawai ga ɓangaren zartarwa, kafin ya gane cewa karatu na biyu shi ne wurin muhawara a kan manufar doka, kwamiti kuma shi ne wurin gyara ta sashe bayan sashe da sauraron ra'ayin jama'a, kafin ya san cewa gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma idan ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa suna iya zartar da ita ba da shi ba. Duk wannan abu ne da yaro ɗan shekara 19 zai iya koyo a zaman wata-wata idan an tsara zaman da gaske.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a tuna mana ƙarfin majalisa ba. A 1979 marigayi Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP alhali NPN ce take da rinjaye a majalisar jiha. Majalisar ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, ya yi mulki babu majalisar zartarwa, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yunin 1981, ya zama gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Ko mutum yana ganin an zalunce shi ko yana ganin an bi doka, darasin shi ne cewa kujerun nan na zauren Lugard, inda majalisar jihar take zama, waɗanda yau guda 34 ne, su ne suke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da jiha za ta ci da mutanen da za a naɗa. Matashin da ya fahimci haka zai daina jefa ƙuri'ar ɗan majalisar jiha da ido rufe saboda kawai jam'iyyar gwamna ce.

Sannan abin ba baƙo ba ne a Arewa. A shekarun 1940 an yi Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda matasan malamai irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama suna muhawara a kan al'amuran mulki. Ba su da ikon yin doka ko ɗaya, amma da tambayoyinsu suka fara taɓa sha'anin En'e da sarauta sai hukuma ta rufe zaman. Daga wannan zauren muhawara aka sami Firayim Minista na farko da kuma jagoran NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950. A zamaninmu kuma, Onofiok Luke, wanda shi ne kakakin farko na Majalisar Matasan Najeriya, daga baya ya zama kakakin majalisar dokokin jihar Akwa Ibom, sannan ya tafi Majalisar Wakilai. Ba ina cewa majalisar matasa ce kaɗai ta kai shi can ba, amma babu mai musun cewa ya isa wurin ya riga ya san hannun aikin.

Sharaɗin da na ambata shi ne: kada a naɗa kowa, a zaɓe shi. Dalilin da ya sa matasan Rigasa ba su san wakilinsu a majalisar matasa ta ƙasa ba shi ne ba su taɓa tsayawa a layi sun jefa masa ƙuri'a ba, kuma shi ma ba ya buƙatar ya dawo wurinsu neman wata. Wanda aka ba kujera daga sama, sama zai riƙa kallo. Idan yaranka za su raba muƙaman nan a tsakaninsu a shagon mai shayi, ka ce musu su nemi wani uban ƙungiyar. Idan kuwa sun yarda kowace gunduma ta zaɓi nata, ko da ta hanyar ɗaga hannu ne a filin firamare, to ka riƙe su hannu biyu.

Ɗan Kawo ya amsa:

Baba, ina girmama iliminka da shekarunka, amma ka yi mini afuwa, ban yarda da inda ka ajiye matsalar ba. Ba rashin sanin karatu na farko da na biyu ne ya hana matasa shiga siyasa ba, kuɗi ne da ubangida.

Na taɓa zama mamba a wata majalisar matasa da wata ƙungiya ta shirya a garin nan. Muka biya kuɗin fom, muka biya na katin shaida, muka ɗinka anko na ranar rantsuwa. An kama zauren otal, an kawo sanda mai fentin ruwan zinariya, babban baƙo ya iso bayan azahar alhali an ce ƙarfe goma na safe, ya ce mu ne manyan gobe, aka yi hotuna aka watse. Bayan nan zaman da muka fi yi shi ne ziyarar ban girma: yau ofishin wannan, gobe gidan wancan, a ba shi lambar yabo a cikin gilashi, ya ba da na mota, a fita waje a yi rigima a kan rabo. Da zaɓe ya matso, shugabanninmu suka kira taron manema labarai suka ce matasa sun amince da ɗan takara kaza, ba tare da an tambayi kowa a cikinmu ba. Mafi ƙwazon cikinmu a muhawara yau sojan baka ne, ana saya masa data yana zagin abokan hamayyar maigidansa. Bambancinsa da ɗan bangar siyasa shi ne shi da waya yake aiki.

Dubi abin da ya faru da dokar rage shekarun takara. A ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu bayan gwagwarmayar ƙungiyoyin matasa, aka rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25, aka bar na gwamna da sanata a 35. Muka yi murna. Da aka zo zaɓen fid da gwani na 2022, APC ta sa fom ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na Majalisar Wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. An yi wa 'yan ƙasa da shekara 40 rangwamen rabin kuɗi, amma fom shi ne mafi arha a cikin tafiyar, domin bayansa akwai daliget, kuma kowa a nan ya san daliget ba ya sauraron muhawara. Doka ta buɗe ƙofa, kuɗi suka tsaya a bakinta.

Kuma ba wai ba mu da yawa ba ne. Rajistar INEC ta zaɓen 2023 tana da mutum miliyan 93 da ɗoriya, sama da miliyan 37 daga ciki 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, kusan kashi 40 cikin 100. Jihar Kaduna ita ce ta uku a yawan masu rajista bayan Legas da Kano, da mutum sama da miliyan 4 da dubu 300. Duk da haka waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa a faɗin Najeriya ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Waɗanda suka zauna a gida ba jahilcin aikin kwamiti ne ya zaunar da su ba, sun fid da rai ne.

Saboda haka, Malam, idan ɗalibanka suna son siyasa da gaske, su je su yanki katin jam'iyya, su nemi kujerar sakataren gunduma ko shugaban matasa, su zama su ne daliget ɗin. A can ake yanke hukunci. Majalisar da matsayarta ba ta ɗaure kowa ba, ni dai na gwada, ban ga riba ba.

Malama daga Zariya ta amsa:

Ɗan'uwana Ɗan Kawo, duk abin da ka faɗa game da kuɗi gaskiya ne, kuma abin da aka yi muku abin baƙin ciki ne. Sai dai labarinka hujja ce ga sharaɗin da Baba ya kafa, ba hujja ce a kansa ba, domin majalisar da ka shiga ba wanda ya zaɓe ta, ba ta da wanda za ta koma ta yi wa bayani, shi ya sa shugabanninta suka sayar da sunanta cikin sauƙi. Kuma shawararka ta shiga jam'iyya tana da kyau ga namiji mai baki da ƙarfin jiki, amma ka yi tunanin yarinya 'yar shekara 20 daga Tudun Wada ko Kwarbai. Taron jam'iyya na gunduma yawanci da dare ake yi, a gidan wani jigo, kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta je. Idan ta dage ta je, sunan da za a kira ta da shi a unguwa kowa ya san shi. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU a nan Zariya tana 'yar shekara 17, ta sha duka da ɗauri a kan neman mata su yi zaɓe, kuma matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai a 1976. Yau muna cika layin zaɓe tun asuba, amma ku ƙirga mata nawa ne suke zaune a zauren Lugard. Zama da rana tsaka, a ajin makaranta, a gaban malamin da iyaye suka sani suka yarda da shi, shi ne kaɗai wurin da yawancin 'yan matanmu za su fara tsayawa su yi magana a gaban maza a kan kuɗin jama'a. Wannan kaɗai ya isa dalili a wurina. Majalisar Matasan Najeriya ma sai a zubi na biyar ta sami kakaki mace, Dakta Azeezat Yishawu.

Ina kuma ganin mun ɗora wa majalisar matasa awon da ba nata ba idan muka ce sai ta fitar da 'yan takara. A Birtaniya majalisar matasansu ta 'yan shekara 11 zuwa 18 ce, yaran makaranta ne suke zaɓensu, kuma tun 2009 aka fara ba su zauren majalisar dokokin ƙasar su yi muhawara a ciki a kan batutuwan da takwarorinsu suka zaɓa ta ƙuri'a. Yawancinsu ba sa zama 'yan siyasa, kuma ba a kafa ta don haka ba. A Sukotland majalisar matasa, wadda aka kafa a 1999, tana cikin waɗanda suka daɗe suna neman a bar 'yan shekara 16 su yi zaɓe. An ba su dama a ƙuri'ar raba gardama ta 2014 a kan ɓallewa daga Birtaniya, aka kuma mayar da ita doka ga zaɓukan yankin a 2015. Su ma matsayarsu ba ta ɗaure kowa ba, amma sun riƙe buƙata ɗaya shekara da shekaru har ta shiga bakin manya. Na san yanayinmu da nasu ba ɗaya ba ne, kuma ba kwaikwayo nake kira a yi ba. Abin ɗauka shi ne zaɓe na gaskiya da kuma naci a kan abu guda.

Akwai wani amfani da ya keɓanta da Kaduna wanda ba a ambata ba. Tun bayan rikicin shekarar 2000 garin ya rabu, mafi yawan Musulmi suka tattara a arewacin kogi, mafi yawan Kirista a kudancinsa. Yaron da aka haifa bayan nan a Rigasa zai iya girma har ya yi gemu bai taɓa zama ɗaki ɗaya da sa'ansa na Sabon Tasha ko Television sun yi gardama a kan ruwan famfo ko sharar unguwa ba, sai dai su haɗu a intanet suna jifan juna da baƙaƙen maganganu. Zauren da yake da ƙa'idar cewa ba ka katse mai magana, ba ka ambaci addininsa ko ƙabilarsa, kuma idan aka kaɗa ƙuri'a aka kayar da kai ka dawo wata mai zuwa, yana koyar da wani abu da jam'iyya ba ta koyarwa. Malam, ko da majalisarku ta Igabi ce, ina ba da shawarar ku nemi takwarorinku na ƙaramar hukumar Chikun, inda Sabon Tasha take, ku riƙa zaman haɗin gwiwa ko sau biyu ne a shekara. Kuma a yi zaman da Hausa, wanda ya fi sakewa da Turanci a bar shi ya yi, domin da zarar an wajabta Turanci an kori mai gyaran babur da tela da 'yar Islamiyya, an bar 'yan jami'a suna burge juna.

Malamin Rigasa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar zaɓe da ta harshe da ta 'yan mata duk na ɗauka, kuma ba na jin yaran za su ƙi. Abin da ya rage mini shi ne maganar Ɗan Kawo cewa matsayar ba ta ɗaure kowa ba, domin nan ne na fi jin tsoro. Matashi yana da saurin zafi da saurin sanyi. Idan suka rubuta wasiƙa ta farko da ta biyu da ta uku ba a ko amsa musu ba, to wata na huɗu rabinsu ba za su zo ba, sauran kuma su ne za su fara tunanin ziyarar ban girma. Baba, da yake ka ga yadda takardu suke shiga ofis suna kwana, ta wace ƙofa ƙungiyar da ba ta da matsayi a doka za ta bi har a saurare ta? Kuma da me za su riƙa gudanar da zaman idan na hana su karɓar na mota?

Tsohon Ma'aikacin Majalisa ya sake amsawa:

Malam, wasiƙar da take kwana a ofis ita ce wadda ta ce a inganta ilimi, a samar wa matasa aikin yi, a magance tsaro. Babu jami'in da zai iya amsa ta ko da yana so, domin ba ta tambayi komai ba. Wasiƙar da take tayar da mutum daga kujera ita ce wadda ta ce: a kasafin bana, shafi kaza, an ware kuɗi kaza domin gyaran ajujuwa a firamare kaza, mun je ranar kaza, ga hoto, ba a fara ba, muna neman bayani. A kai kwafi biyu, a sa akawun ofis ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi, a aika kwafi ga kansila da ɗan majalisar jiha na yankin. Idan wata ya wuce shiru, a karanta ta a shirin rediyo na kiran waya, wanda a Kaduna ba mu rasa su ba. Jami'i yana iya raina yara, amma ba ya raina takarda mai hatimin ofishinsa.

Ƙofofin kuwa suna nan, rashin masu bi ne. Majalisar jiha tana da kwamitin karɓar ƙorafin jama'a, kuma kowane ɗan ƙasa yana iya shigar da ƙorafi ta hannun wakilinsa. Idan ana sauraron ra'ayin jama'a a kan wata doka, ana karɓar takardar matsaya daga kowace ƙungiya, kuma sau da yawa kujerun zauren rabinsu babu kowa. Jihar Kaduna ta shiga shirin nan na duniya na gudanar da gwamnati a buɗe tun 2018, tana wallafa kasafinta a intanet, kuma akwai tsarin da al'ummomi suke rubuta buƙatunsu bisa fifiko domin a duba su lokacin tsara kasafi. Majalisar matasan da ta zauna ta cike wannan takarda da sunan gundumarta, ta kuma bi sawunta har ƙarshen shekara, ta yi siyasar da ta fi ta mai liƙa fosta.

Amma ni da zan tsara musu, ba zauren Lugard zan fara nuna musu ba, Turunku, hedkwatar ƙaramar hukumar Igabi, zan nuna musu. Igabi tana da gundumomi 12, kowace da kansilanta, kuma kansilolin nan su ne majalisar dokokin ƙaramar hukuma, su suke amincewa da kasafinta. Mutane ƙalilan ne suka taɓa zuwa kallon zamansu. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, maganar wanda zai sa ido a kan kuɗin ta ƙara nauyi, ko yaya aiwatar da hukuncin yake tafiya. Kowane wakilin matasa ya riƙe kansilan gundumarsa, ya san lambarsa, ya gayyace shi zama sau ɗaya a shekara ya amsa tambayoyi. Ka kuma lura da rabon kujeru, domin Rigasa gunduma ɗaya ce a takarda amma yawan jama'arta ya ninka na wasu gundumomin. Idan aka bi yawan mutane zalla za ta danne Kerawa da Gwaraji da Sabon Birni, idan aka ba kowa kujera daidai kuma 'yan Rigasa za su ce an tauye su. Ka bar yaran su warware wannan da kansu a zamansu na farko, domin muhawara ce ta gaske, irin wadda ta sa ƙasa take da Majalisar Dattawa da ta Wakilai.

Batun kuɗi kuma, zaman da ake yi a ajin makaranta ranar Asabar ba ya cin komai sai ruwan leda da kuɗin buga takarda, kuma karo-karon mambobi zai ɗauke shi. A rubuta a tsarin mulkinsu cewa majalisa ba ta ba da lambar yabo, ba ta goyon bayan ɗan takara, ma'aji yana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zama, kuma duk wanda zai yi wa wani kamfe ya ajiye muƙaminsa tukuna. Laƙabin Honorabul ma a cire shi. Za ka ga wasu sun janye tun kafin rantsuwa, kada hakan ya dame ka.

Ɗan Kawo ya sake amsawa:

Baba, idan har za a cire lambar yabo da laƙabi da goyon bayan 'yan takara, to wannan ba irin wadda na shiga ba ce, kuma ba ni da ja a kanta. Amma ina nan a kan bakana cewa kada a tsaya a nan. Wa'adin kowane mamba kada ya wuce shekara biyu, kuma kada a yi tazarce, domin na ga masu furfura suna riƙe da shugabancin matasa. Wanda ya gama ya wuce jam'iyyar da ta kwanta masa ya nemi kujerar gunduma ko ta kansila, tun da tsarin da Baba ya kawo zai sa ya san kasafin yankinsa fiye da wanda yake kan kujerar. Malam, idan kun sa ranar zaɓen gundumomi ka sanar da mu a nan, ni zan zo in taya ku ƙirga, amma ku tanadi rajistar masu zaɓe tun da wuri, domin a kanta rigimar farko za ta tashi.